Littafin "Ɗan Caca" Da Takardar Alkawarin Da Ta Haife Shi

Masu karatu, galibin wanda ya ɗauki littafi, abin da ya dame shi labarin da ke ciki. In ya yi masa daɗi ya yabi mawallafi, in bai yi ba ya ajiye. Da wuya ya tuna kowane littafi da aka buga yana da wata takarda a bayansa wadda ba a ɗinka ta tare da shi, watau takardar alkawari tsakanin wanda ya wallafa da wanda ya buga. Ita ce ke faɗin wanda zai ci moriyar littafin, da nawa zai ci, da iyakar shekarun da zai yi yana ci. Sau da yawa 'yar takardan nan ta kan fi littafin kansa iko bisa rayuwar mawallafi.

A wannan mako za mu duba wani littafi na ƙasar Rasha mai suna Igrok, watau Ɗan Caca, wanda Fiyodo Dostoyefski ya wallafa cikin 1866. Mun zaɓe shi domin kaɗan ne littattafan da suka ɗauko kamannin takardar alkawarinsu kamar yadda wannan ya ɗauko. Labari ne na mutanen da suka jinginar da gobensu don kuɗin yau, wanda ya rubuta shi kuwa ya riga ya aikata haka nan da hannunsa, shekara guda kafin ya fara rubutun.

Yadda bango ya tsage

An haifi Dostoyefski a Mosko cikin 1821. Ya yi suna tun yana saurayi, sa'an nan cikin 1849 gwamnatin Sarkin Rasha ta kama shi tare da waɗansu samari, bisa laifin suna taruwa suna karanta abin da aka hana. Aka yanke musu hukuncin kisa, aka kai su har filin harbi, sai a nan aka karanta musu takardar sassauci. Ya yi shekara 4 a kurkukun Omsk cikin Saibiriya, ya ƙara waɗansu shekaru yana aikin soja na tilas, bai komo birnin Fitasbag ba sai ƙarshen 1859.

Da ya komo, shi da wansa Mikayil suka kafa mujalla. Gwamnati ta rufe ta cikin 1863, suka kafa ta biyu. Sai shekara ta 1864 ta zo masa da rashi biyu: matarsa ta rasu cikin Afrilu, wansa ya bi ta cikin Yuli. Wan nan ya bar iyali, ya kuma bar bashi mai yawa. Dostoyefski ya ɗauki bashin bisa wuyansa don kada sunan ɗan'uwansa ya ɓaci. Mujallar ta biyu ta mutu farkon 1865, masu bin bashi suka taso masa. A Rasha ta wancan zamani kuwa ana ɗaure mutum saboda bashi, ga shi wanda a ke yi wa barazanar ɗaurin ya riga ya san ɗanɗanon kurkuku.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A daidai wannan lokaci wani mai buga littattafai da takardun kiɗa, sunansa Fiyodo Istelofski, ya zo masa da tayi. Cikin watan Yuli na 1865 suka sa hannu, ga kuwa abin da takardar ta ƙunsa. Istelofski zai ba da rubul 3,000, ya sami izinin tattara dukan abin da Dostoyefski ya wallafa zuwa ranar, ya buga cikin juzu'i 3. Dostoyefski kuma zai kawo masa sabon littafin labari, mai kaurin da aka ƙayyade, kafin ran 1 ga Nuwamba 1866. In kuwa ya kasa, sai Istelofski ya sami ikon buga rubuce-rubucensa har shekara 9 ba tare da ya biya shi ko anini ba.

A dubi sharuɗɗan nan da kyau. Na farko ciniki ne mai araha, amma dai ciniki ne: ga kaya, ga kuɗi. Na biyu nauyi ne, amma irin wanda mai sana'a ya kan ɗauka. Na ƙarshen shi ne ramin. Bai yi daidai da asarar da mai bugawa zai yi in littafi ya makara ba, ko kusa. Ba wanda zai ce jinkirin mako guda ya kai darajar aikin shekara 9. An sa shi ne domin mai bugawa ya fi cin riba in aka saɓa alkawari bisa in aka cika shi. Duk takardar da aka shirya ta yadda abokin cinikinka zai yi murnar faɗuwarka, to, ta fita daga babin ciniki.

Kada kuma a ce doka ce ta bar mawallafin a banza. Tun 1828 Rasha ta kafa dokar da ta ba mawallafi mallakar abin da ya rubuta, cikin 1857 aka tsawaita ta har shekara 50 bayan mutuwarsa. Amma haƙƙin nan dukiya ce kamar gona. Mai ita yana iya nomanta da kansa, yana iya ba da aronta, yana iya jinginar da ita, yana iya sayarwa. Doka ta hana wani ya shiga gonarka da ƙarfi, amma ba ta riƙe hannunka ranar da ka ɗauki alƙalami za ka ba da ita da kanka.

Kuɗin nan 3,000 ba su kwana ba. Mafi yawansu masu bin bashi suka karɓe. Matarsa ta biyu ta faɗa cikin littafin tarihin zamansu cewa waɗansu takardun bashin Istelofski ne ya saye su da araha ta hannun waɗansu mutane, watau abin da ya bayar da hannun dama ya karɓe da hagu. Ɗan abin da ya rage kuwa Dostoyefski ya tafi da shi Wisbaden a ƙasar Jamus, inda a ke da gidan caca, da niyyar ya ninka shi. Cikin kwana 5 aka cinye shi sarai, har agogonsa. Masu masauki suka daina ba shi abinci sai shayi. Ya roƙi ɗan'uwansa mawallafi Turgenef rance, aka aiko masa da rabin abin da ya roƙa.

Daga cikin wannan ɗaki na yunwa ya rubuta wa Katkof, mai wata babbar mujalla a Mosko, ya yi masa tayin wani labari na ɗalibin da ya yi kisankai. Wannan shi ne littafin da duniya ta sani da sunan Laifi da Hukunci, wanda aka yi ta bugawa kashi-kashi tun daga Janairu 1866. Ashe ke nan mutum guda ya ci ladan kuturu biyu, kowanne kuwa yana jiran aski. Ya nemi Istelofski ya ƙara masa wa'adi, ko ya karɓi tara, Istelofski ya ƙi. Watan Satumba ya ƙare bai rubuta ko layi ɗaya na littafin alkawarin ba.

Kwana 26

Abokansa suka ce su taru su raba aikin, kowa ya rubuta babi kaɗan, shi ya gyara ya sa sunansa. Ya ce ba zai sa sunansa bisa aikin wani ba. Sai ɗayansu ya kawo shawarar a nemo wanda ya iya rubutun gaggawa, watau irin rubutun alamomin nan da a ke kama magana da shi kamar yadda ta ke fita daga baki. Malamin da ke koyar da wannan ilimi a Fitasbag ya aiko da ɗalibarsa, Ana Sinitkina, 'yar shekara 20, bisa ladan rubul 50.

Suka fara ran 4 ga Oktoba 1866, bisa lissafin kwanan wata na Rasha na dā. Da rana shi yana kai da kawowa cikin ɗaki yana faɗa, ita tana kamawa. Da dare ta koma gida ta juya alamomin zuwa rubutu mai kyau, da safe ta kawo. Ran 29 ga wata aka gama babi na 17, shi ne na ƙarshe.

Amma gama littafi daban, miƙa shi daban. Ana ta yi zaton za a yi dabara, ta sa aka tambayi wani lauya, ya ce in ba a sami mai bugawa ba a kai littafin wurin hukuma a karɓi shaida. Abin da ta zata kuwa shi ya auku. Da Dostoyefski ya kai littafin, wa'adi na gab da cika, aka ce masa maigida ya yi tafiya, wakilinsa kuma ya ce ba a ba shi izinin karɓa ba. Ya yi ta yawo har dare, sai wajen ƙarfe 10 ya sami babban ɗan sandan unguwa, ya miƙa masa littafin, aka ba shi rasiɗi. Wannan 'yar guntuwar takarda ita ta kuɓutar da aikinsa na shekara 9. Sunan littafin kaɗai ya rasa: shi Ruletanbag ya raɗa masa, Istelofski ya ce sai dai Ɗan Caca.

Abin da ke cikin littafin

Mai ba da labarin wani saurayi ne, Aleksi, malamin da ke koya wa 'ya'yan wani tsohon Janar na Rasha karatu a gida. Suna zaune a wani babban masauki cikin wani garin caca na Jamus, wanda mawallafi ya ƙaga masa suna Ruletanbag. Janar yana fama da bashi, ya jinginar da dukiyarsa ga wani Bafaranshe, Digiriye. Yana kuma son auren wata Bafaranshiya, Balansh, wadda ba ta son komi gare shi sai kuɗi. Aleksi yana son agolar Janar, Folina, so irin na bauta, ita kuwa tana wulakanta shi, har ta sa shi ya je ya tsokani wata matar babban mutum a kan hanya, aka kore shi daga aiki.

Dukansu abu guda su ke jira. Janar yana da wata gwaggo mai dukiya a Mosko, 'yar shekara 75, wadda kowa ke kira Kaka, ana ta buga waya ana tambaya ko ta cika. Ana nan ana jiran labarin mutuwa, sai ga tsohuwa da kanta ta sauko daga jirgin ƙasa, barori na ɗauke da ita bisa kujera, tana ta yi wa kowa tsawa. Ta gaya wa Janar a gaban mutane ba za ta ba shi ko sisi ba, ta ce a kai ta ta ga gidan cacan nan da a ke faɗi.

Wanda bai san cacar ba, ga yadda ta ke. Faifai ne mai juyawa, da gurbi 37, daga sifiri zuwa 36, ana jefa ɗan ƙwallo ya faɗa cikin ɗaya. Wanda ya zuba kuɗi bisa lamba guda, ta fito, ana biyansa ninki 35. Da raba daidai a ke yi, da ninki 36 za a biya. Wannan ɗayan da aka rage shi ne abincin mai gidan caca, yana kuwa shigo masa kullum, ko wa ya ci, ko wa aka ci. Kaka ta nace bisa sifiri, ta ci kuɗi mai yawa a zuwanta na farko. Ranar nan da yamma ta koma. Cikin 'yan kwanaki ta zubar da kusan dukan abin da ta zo da shi, ta koma Mosko, gadon da a ke jira ya tafi.

Da gado ya tafi Digiriye ya gudu ya bar Folina. Ta zo ɗakin Aleksi da dare, ba ta da kowa sai shi. Maimakon ya zauna da ita, sai ya fita a guje zuwa gidan caca don ya samo kuɗin da za ta jefa wa Bafaranshen a fuska. Ya ci wajen faran 200,000 cikin dare guda. Ya kawo ya ba ta 50,000. Da gari ya waye ta jefa masa su a fuska, ta fita. Ya bi Balansh zuwa Faris, ta cinye kuɗin cikin 'yan makonni. A babin ƙarshe, bayan shekara guda da wata 8, mun same shi ya yi barantaka, ya yi zaman kurkukun bashi. Wani Baturen Ingila, Astili, ya gaya masa ashe Folina tana sonsa tun dā. Ya yi niyyar tafiya wurinta, amma littafin ya ƙare yana lissafin abin da zai zuba gobe.

Inda ya yi kyau da inda ya gaza

Abin da ya fi kyau cikin littafin zuwan Kaka ne. Kafin ta zo labarin yana tafiya cikin raɗe-raɗi da munafunci, kowa yana ɓoye abin da ke ransa. Ita kaɗai ke faɗin gaskiya da ƙarfi, saboda haka mai karatu ya kan so ta nan da nan, ya ɗauka ga wadda ta fi ƙarfin faifan nan. Da faifan ya ci ta, sai dariya ta koma tausayi cikin shafi kaɗan. Mawallafi ya nuna cutar ba ta zaɓen wawa, mai hankali ma tana kama shi, muddin ya ci sau ɗaya.

Na biyu daren da Aleksi ya ci. Wani mawallafi da ya nuna mana ɗan caca ya lalace ta wurin asara, shi ke nan, an yi wa'azi an tashi. Dostoyefski ya lalata nasa ta wurin nasara. Yarinyar da ya ke cewa zai mutu dominta tana zaune a ɗakinsa, amma tun da ya tsaya gaban faifai ta fita daga ransa, da ya komo ma hankalinsa na bisa tarin kuɗin da ya zube bisa tebur. Ita ta gane haka kafin shi ya gane, shi ya sa ta jefa masa kuɗin. Ba mai iya rubuta wannan sai wanda ya ji abin a jikinsa.

Na uku muryar littafin. Da baki aka faɗe shi, kunne kuwa yana jin haka. Zance yana gudu, yana tuntuɓe, yana komawa baya, kamar na mutum mai zazzaɓi. Tun da ya ke mai ba da labarin ɗan caca ne wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, gaggawar mawallafi ta zama halin mutumin da ya ƙaga.

Amma akwai inda gaggawar ta bar tabo. Folina ba ta fito sosai ba. Abin da ke tsakaninta da Digiriye an bar shi cikin duhu fiye da yadda ya kamata, ko da ya ke ana iya cewa ta idon makahon masoyi mu ke ganinta. Astili ya fi kama da ɗan aike bisa mutum mai jini, ana fito da shi duk sa'ad da a ke bukatar a gaya wa mai karatu wani abu. Zaman Faris an bi ta kansa a guje. Har wa yau mawallafi ya yi wa al'ummai kuɗin goro: Bafaranshe mai ladabin baki ne marar zuciya, Bajamushe mai ƙwauron tara kuɗi, mutanen Folan 'yan damfara. Wannan ƙyashin matafiyi ne wanda aka cinye a ƙasar wasu, da kuwa ya sami wata 6 na gyara, mai yiwuwa da ya rage shi.

To, ina gamin littafin da takardar alkawari? Ga shi. Ba Aleksi kaɗai ne ɗan caca a ciki ba. Janar bai zauna gaban faifai yana zuba dukiyarsa ba, amma ya karɓi kuɗin yau ya jinginar da abin da bai shigo hannunsa ba tukuna. Digiriye kuwa, wanda ke riƙe da takardun jingina, shi ne mai gidan caca na ainihi, domin ya shirya abinsa yadda ba shi da asara. Mawallafi ya san mutanen nan biyu, ya zauna a kujerar ɗayan yana duban ɗayan cikin Yuli 1865. Sharaɗin shekara 9 shi ne sifirin Istelofski.

Sai dai kada wani ya ce ashe matsi ke haifar da littafi mai kyau. Dostoyefski ya tsara labarin nan a ransa tun 1863, ya ma bayyana shi cikin wata wasiƙa da ya aika daga Roma. Kwana 26 na girbi ne, shukar ta shekara 3 ce. Shi kansa ya yi ta kukan cewa mawallafa masu gādon gonaki, irin su Turgenef da Tolstoi, suna da sukunin gyara aikinsu, shi ba shi da shi. Su kuma aka fi biya, domin wanda ba ya jin yunwa shi ke iya ƙin tayi. Katkof ya biya shi rubul 150 bisa kowane babban falle na ɗab'i, mai shafi 16, don littafinsa Shaiɗanu, ya biya Tolstoi 500 don Ana Karenina.

Yadda aka toshe tsagar

Ya auri Ana cikin Fabrairu 1867. Masu bin bashi suka kore su zuwa ƙasashen Turai ta yamma har shekara 4, bai kuwa bar caca ba sai 1871. Istelofski ma bai rabu da shi ba, cikin 1870 ya buga Laifi da Hukunci, kuɗin da ya wajaba ya biya kuwa sai da aka yi ta shari'a a kansu.

Cikin 1873 Ana ta yi abin da ya sāke zamansu. Maimakon su sayar da Shaiɗanu ga mai bugawa, ta sayi takarda, ta yi ciniki da ma'aikatar ɗab'i, ta gyara kurakurai, ta ba da sanarwa a jarida, ta riƙa sayar wa masu kantin littattafai daga gida, kuɗi hannu. An buga 3,500, ta ce ribar ta haura rubul 4,000. Watau littafi guda da suka riƙe haƙƙinsa ya fi abin da Istelofski ya biya don juzu'i 3 da sabon labari. Da haka ta yi ta biyan bashi har ya ƙare, gab da rasuwar mijinta cikin 1881. Littafinsa na ƙarshe, 'Yan'uwan Karamazof, ita ya sadaukar wa. Cikin 1885 matar Tolstoi ta zo wurinta neman shawara bisa wannan sana'a.

Ba muna cewa kowane mai bugawa Istelofski ba ne. Mai bugawa yana zuba dukiyarsa cikin takarda da tawada da ladan ma'aikata tun bai san ko za a saya ba, littattafai da yawa kuwa ba su mayar da uwar kuɗi. Katkof ya sha ba Dostoyefski kuɗin kafin alƙalami, ya yi haƙuri da jinkirinsa shekara da shekaru. Ba kuma kowane mawallafi ke da Ana a gida ba. Saboda haka takardar alkawari ba ta da makawa, abin da ya rage a san ramukanta.

Ramin Dostoyefski shi ne jinginar da aikin gobe. Ƙasashe sun gane haɗarinsa daga baya. Dokar Faransa ta 1957 ta soke duk alkawarin da mawallafi ya ba da dukan abin da zai rubuta nan gaba a dunƙule. Dokar Amurka ta 1976 ta ba shi damar karɓe haƙƙin da ya sayar bayan shekara 35. Amma akwai waɗansu ramuka. Cikin 1803 Jen Ostin ta Ingila ta sayar da wani labarinta fam 10. Wanda ya saya ya ajiye, bai buga ba, takardarsu kuwa ba ta sa masa wa'adi ba. Sai cikin 1816 aka fanso shi da fam 10 ɗin nan, aka buga bayan ta rasu. Cikin 1886 Konan Doyil ya sayar da labarin farko na Shalok Homs fam 25, sayarwa ta har abada. Ya nemi a ba shi kaso bisa abin da aka sayar, aka ƙi, bai kuwa ƙara samun ko kwabo daga wannan littafi ba.

A zamanin nan ramukan sun ƙaru, domin littafi guda ya kan zama fassara, da sinima, da karatun murya, da wanda a ke karantawa a kwamfuta ko wayar hannu. Jimla ɗaya mai cewa an ba da haƙƙi ta kowace hanya, wadda aka sani da wadda za a ƙago, tana kwashe waɗannan duka. A dā in littafi ya ƙare a kasuwa, ba a sake bugawa ba, haƙƙi ya kan koma ga mai shi. Yanzu da a ke iya buga kwafi ɗaya duk ran da aka nema, littafi ba ya ƙarewa, saboda haka ba ya komowa, sai in an rubuta adadin da in ciniki ya kasa shi alkawari ya warware.

Don haka, ya kai mai wallafa, in an miƙo maka takarda, kada idonka ya tsaya bisa layin da aka rubuta kuɗi. Nemi sanin abin da ka bayar, aro ne ko sayarwa, na shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, cikin waɗanne harsuna. Nemi sanin ranar da aka yi alkawarin fitar da littafin, da abin da zai faru in ba a fitar ba. Tambayi kasonka, daga kuɗin da aka rubuta bisa bango za a lissafa shi, ko daga abin da ya rage bayan an cire ɗawainiya, da lokacin da za a riƙa nuna maka lissafi. Sa'an nan karanta abin da zai same ka in ka saɓa, ka gwada shi da abin da zai sami mai bugawa in shi ya saɓa. In ma'aunin ya karkata ƙwarai, ka san akwai sifiri a faifan. Kai takardar gida ta kwana, nuna wa wanda ya san doka, riƙe kwafinka mai sa hannu, duk abin da ka miƙa kuma ka karɓi shaida.

Littafin Ɗan Caca ƙarami ne in an gwada shi da manyan littattafan mai shi, ana iya gama shi cikin dare biyu, muna kuwa yaba shi ga duk wanda ya same shi cikin harshen da ya ke ji. Mai karatu zai sami Kaka, wadda ba a mantawa da ita. Mai wallafa kuwa ya tuna Dostoyefski da 'yan sa'o'i ya tsira, ya kuwa tsira ne don wata 'yar shekara 20 ta yi tambayar da shi bai yi ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.